Daga Ambulan Mai Hatimi zuwa Zauren WhatsApp: Tarihin Sirrin Jarrabawar Shiga Karatun Likita

Duk yaron Rano ko Kibiya da ya ɗaura aniyar zama likita, ta ƙofar JAMB zai bi: tambayoyi 180 cikin awa biyu, a Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis. Kujerun kuwa ƙidayayyu ne, domin hukumar kula da aikin likita ta ƙasa ce ke yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Maki kaɗan na iya raba wanda zai shiga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello da wanda zai koma gida ya jira baɗi. Shi ya sa tambayar da ta fita kafin lokacinta take da tsada, shi ya sa kuma aka daɗe ana fama wajen tsare ta.

Matsalar ta girmi kakanninmu. Tun 1914, shekarar da Turawa suka haɗe Arewa da Kudu, aka samu rahoton fitar tambayoyin jarrabawar Kambirij a Najeriya. A wancan zamani sirri abu ne da ake ɗauka a hannu. Ana buga takarda, a rufe ta a ambulan, a danna hatimi, a kulle a ma'ajiya har safiyar jarrabawa. Masu iya cin amana ba su da yawa: mai aikin maɗaba'a, direba, mai riƙe da makulli. Idan abu ya ɓaci, an san ƙofofin da za a ƙwanƙwasa.

Shekarar 1977 ta zo wa mutanen Kano da abu biyu. A cikinta tambayoyin WAEC suka bazu a ƙasa har gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Sogbetun, kalmar "ekspo" kuma ta zauna daram a bakin ɗalibai. A cikinta ne kuma Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda ake shiga ta hanyar jarrabawa. Daga nan 'ya'yan manoma da yawa suka kama hanyar zama likitoci da injiniyoyi. Abin da ya ba su wannan dama shi ne takardar da ɗan sarki da ɗan talaka suka buɗe a lokaci guda, babu wanda ya riga wani gani.

A 1978 aka kafa JAMB, ta maye gurbin jarrabawar shiga da kowace jami'a ke shiryawa da kanta. A 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta sa ɗaurin shekara 21 a kan maguɗin jarrabawa, sannan dokar 1999 ta zo da tara da ɗauri mai sauƙi a kan wancan. Duk da haka ekspo bai mutu ba. Har ta kai jami'o'i suka daina amincewa da makin JAMB shi kaɗai, aka fara jarrabawar tantancewa ta biyu a 2005.

Babban sauyi ya zo ne a zamanin Farfesa Dibu Ojerinde. A 2013 JAMB ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta, zuwa 2015 ta yi sallama da takarda da fensir. Mu da muke sana'ar rubuta manhaja mun san abin da wannan ya gyara, mun kuma san sabuwar kafar da ya buɗe. Babu sauran ambulan da za a farke a hanya. Sai dai kwamfutocin ba sa isar kowa a zama ɗaya, don haka ake raba ɗalibai rukuni-rukuni, a kwashe kwanaki ana yi. A irin wannan tsari, daga rumbu ake ɗebo tambayoyi, kuma cika rumbun aiki ne mai cin lokaci, tunda dole abin da aka ba rukunin safe ya yi nauyi ɗaya da na rukunin yamma. Tambayar da ta fito wa wani ranar Asabar na iya fito wa wani ranar Talata. Ke nan makullin ya bar hannun direba da mai gadi, ya koma kan kowane ɗalibi da ya fito daga ɗakin jarrabawa. An hana shi shiga da waya, amma abin da ya haddace yana tare da shi, wayar kuma na jiransa a bakin ƙofa.

Sauran ƙasashe ma sun sha wannan. A Amurka, inda jarrabawar shiga makarantun likita, wato MCAT, ta koma kwamfuta a 2007, ɗalibi ba ya zama sai ya amince cewa ba zai faɗi tambaya ko amsa ga kowa ba, wanda ya saɓa kuma ana iya soke sakamakonsa. A Indiya, Kotun Ƙoli ta soke jarrabawar shiga karatun likita ta 2015 saboda maguɗi, ɗalibai sama da dubu 600 abin ya shafa. A 2024 ma tambayoyin NEET sun fita a Patna da Hazaribagh, a jarrabawar da mutum fiye da miliyan biyu suka zauna. Aljeriya kuwa, bayan tambayoyin kammala sakandare sun bazu a Facebook a 2016, ta koma toshe intanet a lokutan jarrabawa.

Mu a nan, wanda ya jefa tambaya a zauren WhatsApp sau da yawa ba ya ganin kansa a matsayin ɓarawo. Taimakon 'yan'uwa yake gani ya yi. To amma mu duba wa taimakon ke isa. Yana isa ga mai babbar waya da data, wanda ke cikin zauren wata cibiyar lesin a birni, wanda kuma ranarsa ba ta zo ba. Yarinyar Kibiya da ta yi asubanci ta shiga mota don ta riski rukunin farko, ita babu wanda ya leƙa mata. Ta yi karatun shekara guda, wani ya wuce ta da haddar dare ɗaya. A gefe kuma ga 'yan damfara da ke sayar da ekspon bogi, uba ya sayar da buhun masara ya biya, a tura wa ɗansa tsofaffin tambayoyi. Ƙarshen abin yana komawa ne kan gadon Babban Asibitin Rano, domin wanda ya shiga ta taga, ko dai ya faɗi a aji biyu bayan ya tare wa wani gurbi, ko ya lallaɓa ya fito rayukanmu na hannunsa.

Wannan ba ya nufin wanda ya fito ya kama bakinsa gum. Akwai abin faɗa da yawa wanda ba cin amana ba ne. Ya gaya wa ƙannensa yadda ake raba awa biyu tsakanin darussa huɗu, da yadda ake danna N a ci gaba, a danna P a koma baya, ga wanda bai saba da linzamin kwamfuta ba. Ya nuna musu manhajar karatun da JAMB ta fitar, su zauna su yi bitar littattafan shekarun baya tare. Iyakar a fili take: a koya wa yaro yadda ake lissafin, kada a ba shi tambayar da wasu ke jiran haɗuwa da ita gobe.

Masu kula da zaurukan ɗalibai na Rano da Kibiya, yanzu ku ne a matsayin mai riƙe da makullin ma'ajiya na da. Idan wani ya turo tambayar jarrabawar da ba a gama ba, ku goge, ku kuma faɗa masa dalili.