Yadda Haruffan Boko Suka Sami Lanƙwasa

A 1929 aka kafa Ofishin Fassara a Katsina, daga baya ya koma Zariya. Haruffan dalmar da ake buga littattafai da su na Turai ne, masu 'yan ƙafafu a gindi, irin waɗanda masu ɗab'i suka fi so ga dogon karatu. Amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Sai a sa ɗigo ƙarƙashin harafi, ɗigo kuwa ba shi da wuyar ɓacewa a hasken aci-bal-bal. Cikin shekarun 1930, zamanin Dokta East, aka lanƙwasa musu kai. Manomin auduga na Funtuwa ko Malumfashi da ya gama ajin Yaƙi da Jahilci, lanƙwasar nan ce ta raba masa bari da ɓari, da kafa da ƙafa.