Balbela a Tsakar Rana: Nazari kan Matsalar Haske a Hoton Tsuntsu Mai Tashi

Hoton balbela tana tashi daga fadamar Jega, gefen Gulbin Zamfara, sau da yawa yakan fito fari fat, ba a ganin layin gashin fiffike ko ɗaya. Masu ɗauka kan ɗora wa rana laifi. A ganina mafi yawan laifin na ma'aunin hasken da ke cikin kyamara ne.

An gina ma'aunin a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa toka-toka ne, mai mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na haske. Balbela kuwa ɗan wuri kaɗan take ci a hoto, abin da ke bayanta shi ke rinjaye. In ta gifta ta gaban koriyar shinkafar rani ko duhun mangwaro, sai ma'auni ya ƙara haske, farin gashin ya ƙone. A fayil ɗin JPEG kowane launi a 255 yake tsayawa; abin da ya haura nan ya tafi ke nan, babu manhajar da za ta dawo da shi. Da ta hau sama, ma'auni ya rage, ta koma toka. Alhali ranar da ke dukan bayanta ba ta canza ba.

Shi ya sa saitin hannu ya fi. Tsohuwar ƙa'idar masu fim ta ce a rana tsaka f/16 da 1/100 a ISO 100, wato daidai da f/8 da 1/1600 a ISO 400. Saboda farin, a rage mataki guda ya koma 1/3200, wanda kuma zai tsayar da bugun fiffike. A karkarar Maiyama, inda balbela ke bin garke tana cafke ƙwarin da kofato ya tayar, abin gwaji na kusa: a saita a kan tozon farin bijimi, in gashinsa ya fito, na tsuntsuwar ma zai fito.

Akwai abin da saiti ba ya gyarawa. Yankin yana wajen digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, don haka a ƙarshen Afrilu, da kuma cikin Agusta, rana kan tsaya cak bisa kai. Bayan tsuntsuwa na ƙuna, ƙarƙashin fiffike duhu, mai hoto kuma daga ƙasa yake kallo. Ruwan da ke kwance a gonar shinkafa kan cilla haske sama ya rage wannan rata, ganyen albasar Aliero kuwa ba ya yin haka sosai. Hazon hunturu yana sassauta rana, amma sama kan yi fari har balbela ta ɓace a ciki, sai an jira ta ratsa gaban dogonyaro.

Wanda ba dole ta sa shi ba, ya bar tsakar rana ya tari balbelu bayan la'asar suna komawa makwanci, rana na bayansa.