Golf: daga Jamus zuwa tashar Maraɗi

Shekara shida ke nan da na sayi tsohuwar Golf 3, ƴar Kwatano, bayan na daɗe ina tsimin albashin koyarwa. Ita ke kai ni Maraɗi daga Sae Sabuwa, ita ke kai marasa lafiyar unguwarmu asibiti.

Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da Golf a 1974, bayan tsadar man 1973, lokacin da jama'a ke neman ƙaramar mota marar shan mai. A 1976 ya ƙara da samfurin GTI, mai gudun da ya haura kilomita 180 a awa, don mai ƙaramin ƙarfi ma ya ɗanɗani gudun motar attajirai. Golf 3 ta zo a 1991. Da Turawa suka gama yayinta, sai jiragen ruwa suka riƙa sauke ta a Kwatano, har ta zama motar haya tsakanin Maraɗi da Jibiya.

To iyaye da malamai, gudun nan an tsara shi ne don titin da babu jaki, babu amalanke, babu ɗan lakwal mai tsallakawa. Ga ɗana ya fara roƙon makulli. Na ce masa sai ya samu lasisi, kuma birki zai fara koyo kafin totur.