Ƙasa a Hannun Amana: Daga Dokar 1910 Zuwa Shari'ar Dutsen Kajuru

A Karare da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, hanyoyin samun gona sanannu ne tun kaka da kakanni: gado, saye, jingina, aro, ko kyauta. Baƙo kuwa, in ya zo da iyalinsa, mai gari ke nuna masa saura ya share, dattawa su shaida iyaka. Ba a tambayarsa takardar ɗan ƙasa. Ina ma za a tambaya, alhali da yawa daga mutanen Maraɗi Katsinawa ne da jihadi ya kora arewa a farkon ƙarni na 19?

Turawa ne suka fara tsaga layi. Bayan sun ci Kano da Sakkwato a 1903, an kafa kwamiti kan filayen Arewa a 1908, zamanin Gwamna Girouard, daga nan aka yi dokar 1910 wadda aka sabunta a 1916. Ta ce ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan ƙasa, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya samun fili sai da yardarsa, shi ma na wa'adi. Da irin wannan takarda Kwarori suka zauna a Fagge ta Kudu a Kano suna awon gyaɗa. Gwamnatin Sardauna ta gaji tsarin a dokar 1962, har ta bar ma'anar ɗan ƙasa a wanda ubansa ɗan wata ƙabilar Arewa ne, wato Bayarabe da Inyamuri ma baƙi ne a idonta.

Sai 1978, lokacin da Janar Obasanjo ya ɗauki wannan samfuri na Arewa ya shimfiɗa wa Najeriya baki ɗaya a Dokar Amfani da Ƙasa. Sashe na farko ya damƙa filayen kowace jiha ga gwamna a matsayin amana domin dukkan 'yan Najeriya. Na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izininsu, har hekta 500 na noma, 5,000 na kiwo. Batun wanda ba ɗan Najeriya ba aka bar wa Majalisar Magabata ta Ƙasa ta tsara masa ƙa'ida.

Yadda wannan giɓi ke cizo ya fito fili a kan dutsen Kajuru ta Jihar Kaduna. Wani Bajamushe, Gerhard Huebner, shi ya gina katafaren gidan duwatsun nan da masu yawon buɗe ido ke zuwa gani. Da ya tashi sayen filin da ke kewaye, kimanin hekta 70, aka shawarce shi cewa baƙo ba ya mallakar ƙasa, don haka ya saya da sunan kamfanin da yake shugabanta. Da zama ya lalace, ya je kotu yana cewa kamfanin amana kawai yake riƙe masa. Ya faɗi a babbar kotu, ya faɗi a ta ɗaukaka ƙara, a 2017 kuma Kotun Ƙoli ta rufe zancen: amanar da gwamna ke riƙewa ta 'yan Najeriya ce, kuma abin da doka ta hana mutum ta ƙofa, kotu ba za ta miƙa masa ta taga ba.

A Meziko sun fuskanci matsalar, amma sun bi wata hanya. Tsarin mulkinsu na 1917 ya hana baƙo mallakar fili a cikin kilomita 100 daga kan iyaka ko 50 daga gaɓar teku. Da suka ga Amurkawa na saye a ɓoye da sunayen 'yan ƙasa, sai tun 1971 suka halatta riƙon amana ta banki: banki ke riƙe takarda, baƙo ya zauna, ya ba da haya, ya sayar, ya bar wa magada, yana biyan banki lada duk shekara. Wa'adin yanzu shekara 50 ne, ana sabuntawa. A 2013 majalisar wakilansu ta amince a cire shingen ga gidajen zama, ta dattawa ba ta ƙarasa ba, masu amana suka ci gaba da biyan bankuna. Tsada gare shi, amma aƙalla akwai wanda za a kama.

Mu namu gyaran ma bai kai nan ba. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi shekara takwas yana sa hannu a takardun filayen Katsina, ya kafa kwamitin Farfesa Akin Mabogunje a 2009, ya kuma aika wa majalisa ƙudurin rage yawan hada-hadar da ke buƙatar izinin gwamna. Ya rasu a 2010, ƙudurin ya bi ruwa. Dokar tana cikin tsarin mulki, taɓa ta sai majalisun jihohi 24 sun yarda, gwamnoni kuwa ba sa wasa da alƙalamin rabon fili.

A ganina wanda hukuncin Kajuru ya fi shafa ba Bature ba ne, don shi yana da lauya, kuma kamfanin da aka yi wa rajista a Najeriya na iya riƙe fili. Talakan da ya ƙetaro daga Madarumfa ko Ɗan Isa ne, ya yi aure a yammacin Katsina, ya sayi gona da sunan surukinsa. A shari'ar Musulunci da al'adar gari amanarsa na da ƙarfi muddin shaidu na raye. A takarda kuwa matsayinsa ɗaya da Bajamushen. Yanzu da 'yan bindigar dajin Rugu suka tashi ƙauyuka da dama a Batsari da Safana, gonaki suka koma saura, shaidun sun watse, wasu suna Katsina, wasu Maraɗi, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ranar da aka koma rabon gado, 'ya'yan surukin ne ke da suna a takarda.