Yadda Waya Ta Koyi Tambayar Hanya da Kanta

Ɗan kasuwar da ya tashi daga Dungas ranar Alhamis zuwa kasuwar dabbobi ta Maigatari, ko wanda ya bi hanyar Magarya zuwa Babban Mutum, ya san inda rezon Nijar ke yankewa. Nan sai ya sauya layi, ya ajiye Zamani ko Moov ya koma MTN. Abin da ba ya gani shi ne, a daidai lokacin wayarsa ta sauya fatoma: na'urar da ke faɗa mata inda kowane suna yake a intanet. Ita ake kira DNS.

Kwamfuta lamba ta sani, ba suna ba. A shekarun 1970, sunayen dukkan kwamfutocin ARPANET a Amurka na cikin kundi guda, HOSTS.TXT, wanda ofishin Elizabeth Feinler ke kula da shi a cibiyar bincike ta Stanford. Mai sabuwar kwamfuta sai ya nemi ofishin a saka shi, sauran kuma su sake kwafe kundin. Da jama'a ta yi yawa, aikin ya gagara. A 1983 Paul Mockapetris ya raba kundin gida-gida, kowane yanki ya riƙe nasa sunayen. Ta haka Nijar ta sami .ne, Najeriya .ng.

Saura matsala ɗaya: wa za a tambaya? A lokacin, da hannu ake rubuta lambar fatoman, abin da bai dami kwamfutar da ke girke kan tebur ba. Tsarin BOOTP na 1985 ya rage wahalar, sannan a 1993 Ralph Droms ya fitar da DHCP, inda na'ura ke yin sallama da shigarta, a ba ta lambarta da ta wanda za ta riƙa tambaya. Shi ke aiki duk sanda aka kama wifi a ofis ko shago. Kamfanonin salula ma suna miƙa wannan bayani da zarar an kunna data.

Sai dai fatoma yana jin duk inda baƙonsa ya nufa, kuma yana iya cewa bai san hanya ba. Wannan ba ƙaramin iko ba ne. Da Turkiyya ta toshe Twitter a Maris 2014, mutane suka riƙa rubuta 8.8.8.8 a bango, lambar DNS da Google ya buɗe a 2009. A 2018 Android 9 ya ba mai waya damar zaɓen fatoma ɗaya da zai bi shi kowane rezo, tambayoyinsa a rufe.

Dabarar tana da iyaka. Bayan zaɓen Fabrairun 2021, da aka katse intanet ɗin salula a Nijar kwana goma, babu lambar da ta yi amfani, don hanyar ce kanta aka datse.