Finafinan Talabijin a Kan Ƙabilun Nesa: Taƙaitaccen Tarihi

Gabatarwa

Tun lokacin da talabijin ya shiga gidajen Turai da Amurka, akwai wani nau'in shiri da bai taɓa rasa 'yan kallo ba, wato wanda ake tura masu ɗaukar hoto su je su zauna tare da wata ƙabila da ke can ƙuryar daji ko tsakiyar hamada, su ci abin da take ci, su kwana inda take kwana, sa'an nan su komo da labarin al'adunta. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin irin waɗannan finafinai, don a nuna cewa yawancinsu an gina su ne a kan zato guda: wai mutanen nan sun tsaya cik tun zamanin kakannin farko, kuma suna gab da ɓacewa. Za a ga inda zaton ya samo asali, da ɓarnar da ya haifar, da kuma yadda waɗanda ake ɗaukar hotonsu suka ƙaryata shi.

Mafari

Abin ya girmi talabijin. A shekarar 1922 Ba'amurke Robert Flaherty ya fitar da fim ɗin silima mai suna Nanook of the North, a kan rayuwar wani maharbi na ƙabilar Inuwit a arewacin Kanada. Mutumin, wanda sunansa na gaskiya Allakariallak, da bindiga yake farauta, amma Flaherty ya sa shi ya ɗauki mashi irin na kakanninsa. Har ma aka nuna shi yana cizon faifan garmaho, kamar wanda bai taɓa ganin irinsa ba. Da haka aka kafa wata sunna wadda ta daɗe: mai ɗaukar hoto ya kawar da duk wani abin zamani daga gaban kyamara, don 'yan kallo su ga abin da suke tsammanin gani.

Illar wannan zato

Misali mafi suna shi ne na Tasadai a tsibirin Mindanawo na ƙasar Filifin. A 1971 wani jami'in gwamnatin Shugaba Marcos, mai suna Manuel Elizalde, ya ba da sanarwar gano wasu mutane da ba su kai talatin ba, suna zaune cikin kogo, suna ɗaura ganye, ba su san noma ko ƙarfe ba. Gidajen talabijin da mujallu suka yi ta tururuwa, daga baya gwamnati ta rufe wurin. Bayan faɗuwar Marcos a 1986, wani ɗan jarida daga Suwizalan, Oswald Iten, ya tarar da su cikin gidaje, sanye da riguna. Binciken masana harshe ya nuna daga baya cewa lalle jama'a ce mai karin harshenta, amma zancen cewa ta keɓe tun zamanin dutse ƙari ne da aka yi.

A Namibiya kuwa abin ya kusa kai wa ga raba mutane da abincinsu. John Marshall ya fara ɗaukar hoton mutanen San na yankin Nyae Nyae tun yana saurayi, kuma fim ɗinsa The Hunters na 1957 ya nuna su a matsayin maharban da ba su da komai sai kwari da baka. Da ya koma a 1978 sai ya iske su cunkushe a garin Tsumkwe, suna dogara da abincin gwamnati, sojojin Afirka ta Kudu kuma suna ɗibar samarinsu. Ba a jima ba hukuma ta fito da shirin mayar da ƙasarsu gandun namun daji, inda za a hana su kiwon shanu, a bar su suna farauta irin ta dā don baƙi masu yawon buɗe ido su kalla. Marshall ya yi shekaru yana yaƙar wannan shiri, wato yana yaƙar siffar da fim ɗinsa na farko ya taimaka wajen yaɗawa.

Shirin Granada

A 1970 gidan talabijin na Granada da ke Mancesta a Ingila ya fara jerin shirye-shirye mai suna Disappearing World, ma'ana "duniya mai ɓacewa", a ƙarƙashin Brian Moser, aka kuwa ci gaba da shi har 1993. Abubuwa biyu suka bambanta shi da na gabaninsa. Na farko, kowane fim ana yin sa ne tare da masanin al'adu wanda ya riga ya zauna da mutanen, ya iya harshensu. Na biyu, ana barin mutanen su yi magana da bakinsu, a rubuta fassarar a ƙasan hoto.

Duk da sunan shirin, mafi ingancin finafinansa su ne waɗanda suka nuna cewa ba wanda ya ɓace. Leslie Woodhead da David Turton sun ziyarci Mursi, makiyayan kwarin kogin Omo a kudancin Habasha, suka fitar da fim na farko a 1974, wanda ya nuna maza suna muhawara a bainar jama'a a kan rikicinsu da maƙwabtansu Bodi. A fim ɗin 1985 an ga wasu daga cikinsu sun ƙaura zuwa kwarin Mago bayan fari, sun matso kusa da kasuwanni. A na 1991 an ga halin da suka shiga bayan harin da Nyangatom suka kai musu da bindigogi masu sarrafa kansu a 1987. Ashe komawa wuri guda a kai a kai shi ne ya bayyana cewa Mursi suna da tarihi, suna shawara, suna zaɓi, kamar kowace al'umma.

Akwai misali na kusa. A 1988 shirin ya nuna Woɗaaɓe, Fulanin Bororo na Jamhuriyar Nijar, bayan farin 1984 wanda ya halaka dabbobinsu masu ɗimbin yawa, a 1989 kuma Bajamushe Werner Herzog ya yi nasa fim a kansu. Abin da duniya ta riƙe daga ire-iren waɗannan hotuna shi ne kwalliyar samari a bikin Gerewol, wanda 'yan kwanaki ne kawai cikin shekara. Bahaushen da ya saba ganin Bororo a kasuwa suna sayar da nono da magunguna, ko suna gadi a birni bayan sun rasa shanu, ya san cewa rawa ba ita ce rayuwarsu ba.

Lokacin da kyamara ta sake hannu

Babban sauyi ya zo daga Brazil. Sa'ad da ma'aikatan Granada suka je ɗaukar hoton ƙabilar Kayapo a 1987, tare da masani Terence Turner, sai mutanen suka nemi a ba su kyamarar bidiyo cikin ladansu. A watan Fabrairu na 1989 suka shirya babban taro a garin Altamira don nuna ƙin amincewa da madatsar ruwan da za a gina a kogin Shingu. Suka zo cikin ado irin nasu da gangan, domin sun gane abin da ke jawo 'yan jarida, samarinsu kuma suna ɗaukar taron da nasu kyamarori. A nan ne wata mace mai suna Tuire ta ɗora adda a kumatun wani babban injiniyan kamfanin lantarki, hoton ya zagaya duniya, aka jingine aikin. Gaskiya ne an gina madatsar daga baya da sunan Belo Monte, an kammala ta a 2019, amma Kayapo sun riga sun nuna cewa wanda ake kallo yana iya sarrafa yadda za a kalle shi.

Wannan bai kashe tsohon salo ba. Daga 2005 zuwa 2007 BBC ta nuna shirin Tribe, inda Bruce Parry, tsohon sojan ruwan Ingila, yake zama kamar wata guda da kowace ƙabila. An yaba masa da ladabi da kawo kukan mutane irin su Penan na Borniyo, waɗanda masu saran katako suka cinye dajinsu. Sai dai a irin wannan shiri baƙon ne tauraro, masu gida kuwa fage ne na gwada juriyarsa.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa hoto ba wasa ba ne, domin da shi hukumomi kan kafa hujja wajen raba ƙasa da ruwa da makiyaya. Wanda aka siffanta da cewa mutumin jiya ne, ba a neman shawararsa a kan gobe. Saboda haka, ma'aunin fim irin wannan shi ne a duba ko an ji muryar mutanen da harshensu, ko an nuna gatarin ƙarfe da rediyo da makaranta inda suke akwai, ko kuma an komo bayan shekaru an ga yadda ta kaya. Al'ada ba ta mutuwa don ta sauya. Abin da ke kashe ta shi ne a ƙwace ƙasar da masu ita suke rayuwa a kai.