Yamato da Musashi, Giwayen Teku

Da Japan ta tabbatar ba za ta kamo Amurka a yawan jiragen ruwa na yaƙi ba, sai ta koma ga girma. A asirce aka ƙera Yamato da ƙanensa Musashi, kowannensu nauyinsa ya kai tan 72,000 in an cika shi da kaya, ga igwa tara masu faɗin baki santimita 46.

Abin mamaki, a Disambar 1941 da Yamato ya kama aiki, jiragen saman Japan ɗin ne da kansu suka nuna a Pearl Harbor cewa zamanin igwa ya shuɗe. Jiragen saman Amurka suka nutsar da Musashi a Oktobar 1944. Shi kuwa Yamato, an tura shi Okinawa a Afrilun 1945, suka tare shi a hanya, ya nutse da mayaƙa kimanin 3,000.